Tabarauna da Zobenta

Talata, ƙarfe huɗu na yamma, a shago

Auta ce ta manta da wannan littafin a kan teburina. Na ga rabinsa fari fat, na ce bari in riƙa zuba abin da ke cikina a nan, tunda daga yau ba ni da wanda zan gaya wa gaskiya sai takarda.

Jiya da hantsi aka kira ni a waya. An tsare Dogo, babban ɗana, shi da babbar motar da yake ja, a wani gari mai nisan kwana biyu daga nan. Wai kayan da ke bayan motar ba su yi daidai da abin da ke cikin takarda ba. Ba shi ya yi lodi ba, ba shi ya rubuta takardar ba, amma shi aka samu a kan sitiyari. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan magana, don ko rubutawar ba ta yi mini daɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai uwarsa ce. Sau biyu ana ɗage aikin da za a yi mata a ciki saboda hawan jini. Makon jiya likita ya sa sabuwar rana, sati uku daga yau, ya ja ni gefe ya ce, "Baba, in jinin nan bai sauko ba, ba zan sa mata wuƙa ba, kuma abin da ke cikinta ba zai ƙara jiranmu ba. Ku kiyaye, kada wani labarin tashin hankali ya kai kunnenta." Na ce to, ina ganin abu ne mai sauƙi.

Sai dai akwai matsala, kuma ni ne matsalar. Shekara talatin da uku muna tare, ƙaryata ba ta taɓa kwana a gidan nan ba. Ba wai ni waliyyi ne ba, kama ni take yi, shi ya sa nake kiranta Alƙaliya. Duk lokacin da zan faɗi abin da ba haka ba, sai hannuna ya cire tabarau ya hau gogewa, ban ma san na yi ba. Ta gano haka tun muna sabon aure, ranar da na ce miyar da ta ƙone ta yi daɗi.

Jiya na tsira, don na tarar ta sha magani ta kwanta da wuri. Yau kam babu hanyar gudu. Dogo kullum da yamma yake kiranta.

Laraba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na yi. Na ce mata wayar Dogo ta faɗa ruwa, kuma hanyar da aka tura shi wannan karon duk duwatsu ce, ba a samun layi sai jifa-jifa, saboda haka da rana zai riƙa aron wayar abokin aikinsa yana kirana a shago. Ina cikin magana na ji hannuna ya kama hanyar fuskata. Na karkatar da shi ya sauka a kunne, na hau susa.

Ta ce, "Malam, me ya sami kunnenka?"

Na ce, "Sauro."

Ta ce, "Allah ya sauwaƙe. In ya kira ka gaishe shi."

Shi ke nan. Na fita tsakar gida ina jin daɗi. Ashe dai ana iya wucewa ta gaban Alƙaliya a tsira.

Laraba, bayan azahar

Na gaya wa mai aski, maƙwabcin shagona, don cikina ya kusa fashewa. Ya ajiye almakashi ya saurare ni, ya yi mini jaje, sannan ya ce, "Mai hoto, yau ka tsira da kunne, gobe da me za ka tsira? Hannu bai san gida ba, bai san shago ba. In kana so ya daina, sai ka hana shi gaba ɗaya. Kawo ƙyallen nan."

Na zaro ɗan ƙyallen da nake goge tabarau da shi na miƙa masa. Ya jefa a durowar rezarsa ya kulle. Na ɗaukar wa kaina alkawari: ba da ƙyalle ba, ba da bakin riga ba, ba a gida ba, ba a shago ba, ba zan sake goge tabaraun nan ba sai an gama aikinta.

Ya ce in kuma riƙa zama a kan hannuwana in ina magana da ita. Wannan kam na ce a'a, ban kai ga haukacewa ba tukuna.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Awon jini: ɗari da saba'in da takwas. Likita yana son ya ga ƙasa da ɗari da arba'in.

Alhamis, ƙarfe uku

Mutum biyu kawai suka shigo yau, na zauna ina kallon kujera.

Shekara ashirin da takwas ina ɗaukar hoton fasfo a ɗakin nan. Farin ƙyalle a bango, fitilu biyu, da kujera marar majingina don kada mutum ya langaɓe. Duk wanda ya zauna a kujerar nan, bakinsa yana faɗin abu ɗaya, jikinsa yana faɗin wani. Saurayi zai ce hoton na neman aiki ne, alhali sau uku yana shafa gashin baki, na san jakar wata za shi. Dattijuwa za ta ce ita ba ta damu da yadda za ta fito ba, tana faɗa tana gyara ɗankwali. Mai cewa sauri yake yi, ga ƙafarsa a miƙe, hira yake nema. Ni ma ba a bar ni a baya ba. "Kai, Inna, kin fito sosai." "Yallaɓai, ai furfurar ma ba ta nuna ba." Irin wannan ƙarya ban taɓa jin nauyinta ba. Mutum ya shigo yana jin kunyar fuskarsa, ya fita yana murmushi, ban ga wanda na cuta ba.

A gidana ma kowa na san nasa. Dogo gyaran murya yake yi kafin ya shara ƙarya, tun yana firamare. Auta sai ta hau sauri tana jera wallahi. Alƙaliya kuwa, da take kama kowa, ita ma tana da nata: zoben da ke hannunta na hagu take juyawa da babban yatsa. Ban taɓa gaya mata na sani ba, na ajiye abina don ranar buƙata.

Abin da ke damuna yanzu shi ne ba na iya kallonta. In ina ba ta labarin Dogo, agogon bango nake kallo, ko labule.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta biyo shago daga makarantar da take koyarwa. Na zaunar da ita a kujerar hoto na yi mata darasi. Na ce magana a hankali, kada ta rantse, in an tambaye ta ta ce Baba ne yake waya da shi.

Ta ce, "Baba, ni fa tsoron Mama nake ji. In ta kafe ni da idon nan, har abin da ban yi ba sai in amsa."

Na ce, "Dubi ni. Kwana uku ke nan ina yi, ko gezau."

Ta dube ni ɗin, ta ce, "Baba, tabaraunka ya yi datti."

Na ce na sani, dabara ce.

Asabar, da safe

Jiya bayan magariba Auta ta daɗe a ɗakin uwarta, ƙofa a rufe. Ta fito ido jajur. Na tambaye ta lafiya, ta ce, "Wallahi albasa ce, Baba, wallahi, wallahi tun ɗazu na yanka ta." Na san ba albasa ba ce. Yarinyar tana tausayin yayanta ne, ga shi ba ta da damar yin kuka a fili. Na ƙyale ta da albasarta.

Lahadi, bayan la'asar

Alƙaliya ta sa Auta ta sauko mata da akwati. Ta ciro bargo mai kauri, ta haɗa da sabulu biyu, man shafawa, silifas, da ɗan littafin addu'o'inta da ya sha jiki, ta ɗaure a jaka.

Ta ce, "Malam, tunda ka ce wajen duwatsu ne, akwai sanyi. In an sami mai zuwa can a kai masa. Ka kuma ce masa kada ya yi gardama da kowa, ko an tsokane shi. Ya sauke murya, ya san halinsa. Abinci ko ba daɗi ya daure ya ci."

Na ce wa labule, "To, zan gaya masa."

Uwa ke nan. Ba ta san komai ba, amma ta haɗa daidai abin da yake buƙata, har ni na ji kunya ban yi tunanin bargo ba. Gobe zan sa jakar a mota zuwa wurin lauyan da muka samo masa.

Litinin, ƙarfe takwas

Ɗari da sittin da biyar. Alhamdulillahi.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Lauya ya samo mini minti biyu da Dogo a waya.

Na ji muryarsa. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Lafiya lau nake, Baba. Ana kula da mu." Ya sake gyaran murya. "Abincin ma ba laifi."

Na ce, "Madalla."

Ya ce, "Mama fa?"

Na ce, "Garau take, ko ciwon kai babu."

 Ya san ƙarya nake, na san ƙarya yake, kuma babu wanda ya tona wani. Na isar masa da saƙon uwarsa kalma-kalma. Da na zo kan "ya san halinsa" sai ya yi dariya, ta gaske, babu gyaran murya. Dariyar nan ta riƙe ni har yamma, na ɗauki mutum tara ina yi musu barkwanci.

Laraba, da yamma

Yau ƙaryar ta ƙare mini a baki. Kullum "yana lafiya, yana gaishe ki," har ni ma na gaji da ji. Ta ce, "To shi ba ya ba ka labarin komai? Yaron da ba ya iya shan ruwa bai ba da labarin kofin ba?"

Ban san inda na samo ta ba, sai na ji bakina ya ce wata akuya ce ta hau bayan motarsa a wani ƙauye, ba su gan ta ba sai da suka yi nisa, yanzu ta ƙi sauka, tare suke tafiya.

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, Auta ta ce ta yi a hankali. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ciwon nan. Ta ce, "Fara ce ko baƙa?" Na ce fara. Ta ce, "Gobe ka tambayo mini me take ci."

Na zauna hannuwana a kan gwiwa, ko motsi ba su yi ba. Na fara zama gwani, kuma ban san ko in yi murna ko in ji tsoron kaina ba.

Alhamis, ƙarfe biyu

An shiga gaban alƙali yau, na gaskiyar. An ɗage zuwa wani makon.

Alhamis, bayan magariba

Na shiga gida ba na sha'awar ko ruwa. Amma in ban ci ba za ta tambaya, saboda haka na zauna na cinye shinkafar tas. Ta ce wa Auta ta ƙaro mini. Na cinye ta biyun ma, ina haɗiya da ƙyar. Akuya ta ci takardar man mota yau, da rabin hular Dogo.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya

Na sha kunya a shago. Wani bawan Allah, direban makaranta, ya zo hoton lasisi. Na buga, na ga tabo a goshinsa. Na goge gilashin kyamara, na sake ɗauka, na sake bugawa, tabo yana nan. Na ce masa ko ya taɓa faɗuwa yana yaro? Ya ce a'a. Na buga na uku. Sai ya karɓi hoton ya duba, ya dube ni, ya ce, "Baba, goshina ƙalau yake. Tabon a idonka yake."

Mai aski yana jin mu ta bango, ya shigo yana tuntsira dariya, ya ce in zo in karɓi ƙyallena kafin in faɗa kwata. Na ce a'a. Da farko dabara ce, yanzu ta zama wani abu dabam. Ji nake in na goge, komai zai warware, ƙaryar da jinin da maganar Dogo duka. Na san ba hankali a ciki, amma haka nake ji.

Duniya ta zama dishi-dishi, fitilun titi kowacce da gemunta. Ba laifi, na saba.

Lahadi

Ban buɗe shago ba. Ban je ko'ina ba. Na wanke tsohon keken Dogo da ke jingine a zaure.

Litinin, ƙarfe takwas

Ɗari da hamsin da ɗaya. Nas ta ce, "Baba, me kuke ba ta a gida?" Na ce kulawa. Na faɗa da ɗan taƙama, ban ɓoye ba.

Talata, da yamma

Na kusa tona kaina. Na ce baƙar akuyar nan ta tunkuyi wani mai duba taya. Ta ce, "Af, Malam, ba fara ka ce ba?"

Na ce, "Hayaƙin mota ne ya rine ta."

Ta ce, "Haka ne kuwa. Hayaƙi ba ya barin fari." Ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa. Na tsorata, na zaci kuka ne, ashe dariya ce.

Mun zauna a tsakar gida har rana ta faɗi, ita a tabarma da filo, ni a kujera. Ta tuna mini ranar da Dogo ya ɓata a kasuwa yana shekara huɗu, muka zaga har ƙafa ta kumbura, aka same shi a gaban wata mota yana koya wa direba yadda ake hon. Ta ce, "Wancan karon ma ya dawo." Na ce wa agogon hannuna, "Ya dawo."

Ina cikin tashin hankali, amma in gaskiya zan rubuta, kuma nan ne kaɗai nake rubuta ta, rabon da mu yi hira mai daɗi haka ya fi shekara. Da can ina dawowa sai rediyo. Yanzu tun daga shago nake shirya abin da zan gaya mata, ina ɗokin zuwa gida kamar saurayi.

Laraba, da safe

Auta ta ce yatsan Mama ya yi ja a gindin zobe, kamar ya saɓule. Na ce kumburin ciwo ne, ta shafa mata mai. Ta tsaya tana kallona kamar za ta ce wani abu, sai ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta.

Alhamis, ƙarfe huɗu

An sake zama a kotu. Lauya ya ce wanda ya yi lodin ya bayyana, an yi masa tambayoyi. Ya ce in sa rai amma kada in sa da yawa. Ban san yadda ake auna rai ba balle in sa rabi.

Bargo ya isa. Dogo ya ce a gaya wa Mama ƙanshin akwatinta yake yi. Wannan saƙon na isar da shi yadda yake, kuma da nake faɗa sai na ji abin ya zo mini wani iri, baki ya saba da ƙarya har gaskiya ta zama baƙuwa. Ta ce a kawo mata shayi.

Asabar

Ɗari da arba'in da uku. Saura kaɗan. Akuya ta haihu, 'yan biyu.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma, a asibiti

Ɗari da talatin da shida. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce gobe ƙarfe tara. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Baba, kun yi ƙoƙari." Na karɓi yabon da hannu biyu. Sati uku, ni kaɗai da Auta, mun wuce ta gaban matar da ba a taɓa wucewa ta gabanta ba.

An ba ta gado kusa da taga. Ta ce in je gida in huta, in kuma yi aski, don ba ta son ta farka ta ga dodo.

Talata, ƙarfe goma da kwata na safe, a bencin ƙofar ɗakin tiyata

Tana ciki. Auta ta tafi sayo ruwa. Bari in rubuta tun hannuna yana iyawa.

Ƙarfe takwas da rabi nas ta zo ta ce a cire 'yan kunne da zobe. Zoben ya ƙi fita, sai da aka sa sabulu. Da ya fito na ga gindin yatsan. Fatar ta saɓule zagaye guda, ja jawur, wani wurin har ya yi ɓawo ya sake saɓulewa. Ko ta cikin dattin tabarauna na gani. Ba kumburin ciwo ba ne. Yatsan da aka yi kwana da kwanaki ana murza zobe a kansa ne.

Na ɗaga kai na dube ta, karo na farko cikin sati uku.

Ta ce wa nas, "'Yata, ba mu minti biyar." Sannan ta miƙo hannu ta zare tabaraun daga fuskata, ta hura masa iska, ta hau gogewa da bakin mayafinta.

Ta ce, "Shekara talatin da uku ban taɓa ganin ɗigon datti a gilashin nan ba, saboda kullum kana da 'yar ƙaryar da za ka goge shi da ita. Sai ga shi kwana uku ya koma kamar murfin tukunya. Na ce lallai wannan karon babba ce."

 Da ƙyar na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun sauro. Ran Juma'a na tsare Auta, ko minti biyu ba ta yi ba ta zazzage."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa? Kika bar ni ina ta…"

Ta ce, "In na faɗa, sai ka zauna a gabana kana sharar hawaye, in koma ni ke lallashi, jinina ya hau. Na san ka, Malam. Gara ka sami aikin yi. Rashin sanin ne ya so ya kashe ni, kwana biyun farko. Da na ji yana da rai, akwai lauya, akwai hanyar da bargo zai isa, sai na bar wa Allah sauran." Ta ɗaga tabaraun ta duba shi a hasken taga. "Kuma akuyar nan taka ta fi duk ƙwayoyin likita. Kai da kake cika baki ka san fuskar kowa, ina gabanka kullum ina murza zobe har yatsa ya yi jini, kana can kana hira da labule."

Na ce, "Kin san na san na zoben?"

Ta ce, "Tun kafin a haifi Dogo."

Ta mayar mini da tabaraun a fuska da kanta, ta gyara shi a bayan kunne. Ɗakin ya washe. Na ga ta rame, na ga furfurar da ta ƙaru a gefen ɗankwali, na ga idonta. Ta ce, "Yanzu dube ni ka gaya mini yadda ake ciki, babu akuya."

Na gaya mata duka, har da gyaran muryarsa a waya. Ta saurara tana gyaɗa kai. Na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina, na ji kunya, na kuma ji ina son matar nan fiye da ranar da aka kawo ta.

Suka zo da gadon turawa. Ta ce, "Kada ka damu, ni ko kaɗan ba na jin tsoron aikin nan." Babban yatsanta yana ta zagaya wurin da zoben yake a da, yana juya abin da babu. Na gani sarai.

Na ce, "Na sani, ai ke jaruma ce, ni ma hankalina kwance yake." Hannuna ya tashi zuwa fuskata. Ta cafke shi a hanya, ta buɗe tafin, ta sa zoben a ciki ta rufe.

Ga shi nan a hannuna na hagu, har yanzu da santsin sabulu.

Talata, ƙarfe ɗaya saura

Likita ya fito ya ce an yi nasara. Na dubi hannuwansa, na dubi idonsa, na dubi ƙafarsa. Gaskiya ya faɗa.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Lauya ya kira da hantsi ina bakin famfon asibiti. Na sa ya maimaita sau uku. Mai aski ya zo dubiya da lemo, ya kawo mini ƙyallena a ninke, ya ce ya gaji da gadinsa.

Ba ta farka sosai ba sai bayan azahar. Fuska a kumbure, leɓe a bushe, gashi ya yi tsaye ta gefe ɗaya, ga robar ruwa a hannu. Ta buɗe ido ta same ni a kujera, ta ce da wata 'yar murya, "Malam, yaya na fito?"

Na ce, "Kamar amarya." Sai da na ga tana murmushi na lura tabarau yana hannuna, ina ta dirzarsa da ƙyalle.

Ta ce, "Yauwa. Mayar da shi."

Na mayar.

Ta ce, "Dogo fa?"

Na ce, "An sake shi yau da safe. Yana hanya, jibi zai iso."

Ba ta dubi fuskata ba. Hannuwana ta duba, suna kan gwiwa a kwance. Ta daɗe tana kallonsu, ni kuma na bar su a nan har ta ƙoshi. Sannan ta miƙo mini yatsanta na dama, mai lafiyar, na sa mata zoben, ta rufe ido ta yi barci.